Tambaya da Amsa: Takardar 'Yan Sanda da Tambarinta ga Mai Neman Bizar Aiki Yana Ƙasar Waje

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk kan abu guda suke: mutum yana zaune a wata ƙasa, ya samu aiki a wata ƙasar dabam, an ce ya kawo takardar shaidar cewa ba shi da laifi a wurin hukuma, kuma sai wadda aka buga wa tambari. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani jama'a, mun taƙaita tambayoyin, mun sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan Najeriya ne, na gama digiri na biyu a Malesiya, har yanzu ina Kuala Lumpur. Wani kamfani a Guangzhou ya ɗauke ni aiki, sun ce ba za su iya nema mini izinin aiki ba sai na aiko da takardar 'yan sanda wadda ofishin jakadancin Sin ya tabbatar. Dole ne in koma gida? Ta ina zan fara?
Wani injiniya, Kuala Lumpur

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba dole ba ne ka koma, amma dole ne ka samu mutum mai amana a Abuja, domin zango biyu na tafiyar takardar nan a can suke.

Kafin ka kashe ko kwabo, rubuta wa jami'in kamfanin mai kula da ɗaukar ma'aikata, ka nemi ya amsa maka abu uku a rubuce: takardar wace ƙasa suke so, ta Najeriya ko ta Malesiya, wata nawa da fitowarta za su iya karɓa, kuma a ina suke so a fassara ta zuwa Sinanci. Ƙa'idar Sin ita ce takardar ta fito daga ƙasar da kake riƙe da fasfonta ko wadda ka daɗe kana zaune a ciki, kuma kada ta haura wata 6 a ranar da kamfani zai shigar da ita. Sai dai ofishin kowane birni da irin nasa ma'aunin daɗewar, shi ya sa muka ce ka tambaya. Idan suka yarda da ta Malesiya ka huta. Ma'aikatar Harkokin Wajen Malesiya ce ke ba da ita ta shafinta na e-Konsular, ofishin jakadancin Sin da ke nan Kuala Lumpur ya buga mata tambari, takarda ba ta hau jirgi ba sai a hannunka.

Idan kuwa suka ce sai ta Najeriya, to ga yadda ake yi. Rundunar 'Yan Sanda ta mayar da neman wannan takarda, Police Character Certificate, kan shafinta na POSSAP a intanet. Za ka buɗe asusu da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ko lambar banki ta BVN, ka shiga ɓangaren mazauna ƙasar waje, ka ɗora shafin fasfonka mai ɗauke da hoto, da sabon hoton fasfo, da shaidar zamanka a inda kake. Akwai gurbin ƙasar da za ka je, da gurbin dalilin neman takardar. Rubuta Sin, rubuta aiki. Mutane suna cika gurbin nan da gaggawa, alhali ofishin jakadanci yana iya ƙin taɓa takardar da aka yi ta da sunan wata ƙasar. Ka biya kuɗi ta hanyar da shafin ya nuna kaɗai, ka adana rasit. Binciken kansa aikin rumbun bayanan masu laifi ne na ƙasa, wanda ke ƙarƙashin sashen binciken manyan laifuka, shi ne ofishin nan na Alagbon da ke Ikoyi a Legas. Bayan an amince da buƙatarka, shafin zai gaya maka yadda za a ɗauki bayanan jikinka. Abin da ya ce a ranar shi za ka bi, kada ka bi labarin wanda ya yi nasa shekara uku baya.

Zango na biyu Ma'aikatar Harkokin Waje ce, Gidan Tafawa Balewa da ke tsakiyar Abuja, sashen shari'a. Wakilinka zai tafi da takardar, da kwafin fasfonka, da wasiƙar wakilci mai sa hannunka, da katin shaidarsa. Kuɗin ta tsarin biyan kuɗi na Remita ake biyansa zuwa asusun gwamnati, a riƙo rasit a shiga da shi. Jami'i zai buga tambari, ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata. Amma kafin wakilin ya nufi ma'aikatar, ya fara duba sharuɗɗan ofishin jakadancin Sin ya ga ko suna son hatimin notari, wato lauyan da ke da izinin tabbatar da takardu, a kan takardar. Idan suna so, to shi ne ke rigan na ma'aikata. Wanda ya juya wannan jerin sai ya koma baya ya sake biya.

Zango na uku shi ne ofishin jakadancin Sin a Abuja, ko ƙaramin ofishinsu na Legas. Akwai fom da kai za ka sa wa hannu, saboda haka ka cika shi tun yanzu ka haɗa da wasiƙar wakilcin ka aika gaba ɗaya. Idan takarda ta fito, wakili ya ɗauki hotonta da na'urar sikana, mai kala, gaba da baya, ya turo maka ka miƙa wa kamfani. Ta asalin kuma ya aiko maka ta kamfanin aika saƙo mai ba da lambar bin sawu. Kada ka ce hoton ya wadatar: bayan ka sauka Sin, ta asalin za a nema a gani kafin a kammala maka izinin aiki. Kuma ka ja kunnen wakilin kan abu biyu. Kada ya kai ta shago a manna mata leda don kada ta lalace, domin tambari ba ya zama a kan leda, ofisoshi kuma ba sa karɓar takardar da aka rufe. Kada kuma ya cire ƙusar da ofishi ya haɗa shafukan da ita don ya ji daɗin ɗaukar hoto. Ramin ƙusa biyu a kusurwar takarda ya isa a ce an taɓa ta.

Tambaya: Wani ɗan kamasho a Abuja ya ce zai yi mini afostil a kan takardar 'yan sandata don in kai Turkiyya, kuma ya yanka mini kuɗi masu yawa. Ya ce afostil ya fi tambarin ma'aikata ƙarfi. In tura masa?
Wani mai karatu, Alƙahira

Amsa: Kada ka tura, ɗan'uwa. Najeriya ba ta ba da afostil, don haka duk abin da zai liƙa maka da wannan suna ba na hukuma ba ne.

Afostil shaida ce guda ɗaya da ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Heg ta 5 ga Oktoba 1961 suke liƙa wa takardunsu, sauran ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar su karɓa ba tare da an bi ta ofishin jakadanci ba. Ƙasashe sama da 120 ne a ciki. Sharaɗin shi ne ƙasar da ta ba da takarda da ƙasar da za ta karɓa duka biyu su kasance a ciki. Turkiyya tana ciki, Najeriya ba ta ciki, ka ga magana ta ƙare. Haka Nijar da Gana da Kamaru da Chadi da Sudan, duk suna waje. A Afirka, cikin waɗanda suka shiga akwai Afirka ta Kudu da Maroko da Tunisiya da Senegal da Ruwanda.

Abin da ke rikita mutane shi ne labarin da suke ji cewa Saudiyya ta shiga a Disambar 2022, Sin a Nuwambar 2023, Kanada a Janairun 2024. Gaskiya ne, amma sauƙin bai shafi takardar Najeriya ba. Haka kuma ta ɗaya ɓangaren: Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Katar da Kuwait ba sa ciki, saboda haka ko takardar Birtaniya ce mai afostil, sai ta bi ta ofishin jakadancinsu kafin su karɓa.

Kamfanoni da yawa suna tura wa kowa wasiƙa iri ɗaya mai cewa a kawo afostil, ba tare da sun duba ƙasar mutum ba. Ka rubuta musu cewa ƙasarka ba ta cikin yarjejeniyar, za ka kawo tambarin Ma'aikatar Harkokin Wajen Najeriya da na ofishin jakadancin Turkiyya da ke Abuja. Idan ka isa can, mai fassara da ya yi rantsuwa zai mayar da ita Turkanci, notari ya tabbatar.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata huɗu ina aiki a Jidda. Na samu aiki a wani asibiti a Birtaniya. Takardar 'yan sandan Najeriya kaɗai zan nema, ko har da ta Saudiyya? Kwantiragina zai ƙare nan da wata biyu.
Wata 'yar Kano, Jidda

Amsa: Duka biyun, Hajiya, kuma ta Saudiyya za ki fara nema, a cikin makon nan.

Birtaniya tana neman wannan takarda daga masu neman bizar aiki a fannin lafiya da koyarwa da kula da jama'a. Ƙa'idar ita ce kowace ƙasa da mutum ya zauna a cikinta jimillar wata 12 ko fiye a cikin shekara 10 da suka wuce, yana da shekara 18 zuwa sama. Lura da kalmar jimilla: ba sai zaman ya kasance a jere ba. Wata biyar bana, wata bakwai bara, an cika. Shekara huɗu a Jidda, sauran shida a gida, takarda biyu ke nan. Idan maigidanki zai bi ki a matsayin iyali, shi ma zai kawo nasa.

Dalilin da ya sa muka ce ki gaggauta: muddin iƙamarki tana da rai, kina iya neman takardar rashin laifi ta manhajar Absher ta gwamnatin Saudiyya, tunda zanen yatsunki yana hannun hukuma. Ranar da aka buga miki huruj na ƙarshe kika fita, iƙama ta mutu, samun takardar daga waje ya zama aiki mai matuƙar wuya. Mutane da yawa sai sun sauka filin jirgin Malam Aminu Kano suke tunawa. Birtaniya takan karɓi takardar ƙasar da mutum yake zaune idan ba ta haura wata 6 ba a ranar shigar da neman biza, saboda haka wadda za ki karɓa yanzu za ta kai ki. Ki kuma adana kwafin iƙamar, da takardar huruj, da wasiƙar asibitin da kike aiki mai nuna ranar farawa da ranar gamawa. Wanda ya kasa samun takardar wata ƙasa ana neman ya yi bayani a rubuce da hujjar ƙoƙarin da ya yi, kuma waɗannan takardu su ne hujjar.

Ga wani sauƙi: ofishin bizar Birtaniya ba ya sa sharaɗin tambarin Ma'aikatar Harkokin Waje a kan takardar 'yan sanda. Kada ki kashe kuɗi da makonni a kan abin da ba a tambaye ki ba. Abin da suke so shi ne fassara, idan takardar ba da Turanci take ba. Mai fassara ya rubuta cewa fassarar daidai take da asali, ya sa kwanan wata, cikakken sunansa, sa hannunsa da adireshin da za a same shi.

Tambaya: Ina zaune a Doha. Ba zan iya kai takardar 'yan sandan Najeriya ofishin jakadancinmu da ke nan su buga mata tambari ba, maimakon in aika Abuja?
Wani direba, Doha

Amsa: Sai idan wanda zai karɓi takardar ya rubuta maka cewa hakan ya ishe shi. A mafi yawan lokuta bai isa ba, kuma ga dalili. Tambarin tabbatarwa ba ya cewa abin da ke cikin takarda gaskiya ne. Iyakar abin da yake cewa shi ne sa hannun da ke ƙasa da shi na gaske ne. Kamar takardar mai unguwa ce: hakimi bai san hannun mai unguwa ba amma ya san na dagaci, dagaci kuma ya san na mai unguwa, saboda haka sai ta bi ta wurin dagaci. Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta san hannun jami'an 'yan sanda. Ofishin jakadancin Katar a Abuja yana da samfurin hannun jami'an ma'aikatar. Ma'aikatar Harkokin Wajen Katar a Doha ta san hannun jami'an ofishin jakadancinta na Abuja, ita ce ke buga na ƙarshe. Abin da ofishin jakadancin Najeriya a Doha zai fi yi maka amfani a kai shi ne tabbatar da wasiƙar wakilcin da za ka aika gida.

Tambaya: Na karɓi takardar 'yan sanda da wuri don in huta. Kafin in gama da takardun makaranta wata biyar ya wuce. An buga mata tambarin ma'aikata makon jiya, amma kamfanin ya ce ta tsufa. Ba daga ranar tambari ake fara ƙirga ba?
Wani malamin lissafi, Kigali

Amsa: A'a, Malam. Daga ranar da 'yan sanda suka ba da takardar ake ƙirgawa. Tambari ko goma ne ba ya ƙara mata kwana ɗaya, domin takardar tana ba da shaida ne a kan halinka zuwa ranar da aka yi bincike kawai. Wasu ƙasashen wata 6 suke karɓa, wasu wata 3, wani lokacin kuma wa'adin yana rubuce a jikin takardar. Wanda ya fi gajarta shi ne naka.

Wannan ita ce asarar da muka fi gani a wasiƙunku, kuma tana ba mu takaici domin ana iya kauce mata da takarda da biro. Jerin da ya kamata shi ne a fara da takardun da ba sa tsufa. Shaidar digiri da sakamakon jarrabawa suna bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tukuna, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadanci, kuma su ne masu cin lokaci, musamman idan ana jiran jami'a ta tabbatar da su. Sai ka ga sun kusa fitowa daga Ma'aikatar Ilimi, sannan ka nemi ta 'yan sanda, yadda wakili zai shiga Harkokin Waje da su gaba ɗaya a tafiya guda.

Ka ɗauki ranar da kamfani zai shigar da takardunka ka yi lissafi da baya: kwanakin saƙo a hanya, kwanakin ofishin jakadanci, na ma'aikata, na 'yan sanda. Ka ƙara mako biyu na abin da ba a zata ba. Ka kuma buɗe kalanda. Ofishin jakadanci yana hutun ƙasarsa da na Najeriya duka. Na Sin yakan rufe a bikin sabuwar shekararsu da kuma farkon Oktoba. Na ƙasashen Larabawa sukan rage lokacin aiki da azumi, su yi dogon hutun Sallah. Ƙarshen Disamba kuwa kusan ko'ina aiki tafiyar hawainiya yake yi.

Taka dai sai ka sake. Ka roƙi kamfanin su fara duba sauran takardunka kafin sabuwar ta iso.

Tambaya: A fasfona Mohammed aka rubuta, a NIN Muhammad, takardar 'yan sanda kuma ta fito da Muhammad. Ai suna ɗaya ne. Zai zama matsala?
Wani mai walda, Tarabulus

Amsa: A wurinmu suna ɗaya ne, a wurin jami'in da ke gwada harafi da harafi a Seoul ko Beijin mutum biyu ne. Fasfo shi ne ma'auni. Duk abin da ke jikin takardar 'yan sanda ya zo daidai da shi: harufan suna, jerin sunayen, ranar haihuwa, lambar fasfo. Matsalar ta fi addabar mutanenmu saboda yawan hanyoyin rubuta Muhammad da Abdullahi da A'isha, da masu sa sunan gari a wata takarda su bar shi a wata, da matan da suka koma amfani da sunan miji.

Kada ka kai wannan takarda a buga mata tambari, asarar kuɗi ce. Tunda daga NIN kuskuren ya taso, can za a gyara, ta hanyar neman gyaran bayani a hukumar NIMC mai ba da lambar NIN, sannan ka nemi sabuwar takarda. Idan lokaci ya ƙure, akwai takardar rantsuwa ta babbar kotu mai cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, amma ka tambayi mai karɓa ko zai yarda da ita, kuma ita ma sai ta bi duk zangon tambarin da ta 'yan sanda ta bi. Wani abin kuma: idan fasfonka ya kusa ƙarewa, ka sabunta shi tukuna. Sabon fasfo sabuwar lamba gare shi, takardar da ke ɗauke da tsohuwar lamba kuma za ta jawo tambayoyi.

Tambaya: An ce in je ofishin 'yan sandan garin da nake a ɗauki zanen yatsuna a kati in aika. An dawo da katin, wai bai fita ba. Me ya jawo?
Wata 'yar'uwa, Umdurman

Amsa: Abu uku ne suka fi jawo haka, 'yar'uwa. Na farko lalle: idan ya kama kan yatsu sosai yakan hana zanen fita, musamman a na'ura, don haka a jira ya kwanta. Na biyu bushewa ko sudewar fata, abin da ke samun masu yawan wanki da omo, da magina masu taɓa siminti, da kowa ma a lokacin hunturu. A huta da aikin na 'yan kwanaki, a riƙa shafa mai dare da rana, amma ranar ɗauka a wanke hannu a tsane shi, kada a je da maiƙo. Na uku hannun mai ɗauka. Tawada kaɗan ake so, a shimfiɗa ta siririya. Kowane yatsa ana mirgina shi ne sau ɗaya daga gefen farce zuwa ɗaya gefen, ba a dannawa da ƙarfi, ba a komawa baya. Bayan goman nan, sai a dangwala yatsu huɗu na kowane hannu tare, da manyan yatsu biyu, a gurbinsu na ƙasa.

Ki duba katin a gaban jami'in kafin ki tashi. Idan kika ga baƙin dunƙule maimakon layuka siriri masu zagaye, ki roƙa a sake. Ki cika kati biyu ko uku a zama ɗaya ki aika duka. Jami'in ya rubuta sunansa da muƙaminsa, ya sa hannu da kwanan wata, ya buga hatimin ofis. Kada a naɗe katin, a sa shi tsakanin kwali biyu.

Tambaya: Ni ɗan Nijar ne, haifaffen Maraɗi, ina aiki a Abijan. Na samu aiki a Saudiyya. Mu ma wurin 'yan sanda za mu nema?
Wani mai gyaran sanyi, Abijan

Amsa: A Nijar kotu ce ke ba da ita, Malam, ita ce kaziye da ka sani, takarda mai lamba 3. Bisa tsarin da aka saba, a ofishin magatakardan babbar kotun yankin da aka haifi mutum ake nema, domin can ake tara bayanan hukuncin da aka taɓa yanke masa. Kai Maraɗi ke nan, ko da ka shekara ashirin ba ka taka garin ba. Ɗan'uwanka zai je da kwafin takardar haihuwarka da na katin shaidarka da wasiƙar wakilci, ya sayi tambur, wato kan sarki, ya biya. Wa'adinta wata 3 ne, gajere ƙwarai, saboda haka ranar da ta fito ya kamata ta kama hanyar Yamai zuwa Ma'aikatar Harkokin Waje, daga nan ofishin jakadancin Saudiyya. Da Faransanci take fitowa, sai ka tambayi ofishin jakadancin tun da wuri wane mai fassara suka amince da shi, kuma kafin tambari ake fassarawa ko bayansa. Fassarar da aka yi a wurin da ba su sani ba takan dawo. Tunda ka daɗe a Kodebuwa, tambayi kamfanin ko suna son ta can ma. Ga masu zuwa ƙasar da ba ta da jakada a Yamai, a nemi ofishinta da ke kula da Nijar daga wata ƙasa maƙwabciya, shi ne mai hurumin buga tambarin.

Tambaya: Na yi karatu shekara biyar a Amurka, yanzu ina Abuja, zan tafi aiki Koriya ta Kudu. Suna son takardar Amurka mai afostil. Ofishin jakadancin Amurka zai yi mini?
Wata mai bincike, Abuja

Amsa: Ba zai yi ba, Malama, ofisoshin jakadancin Amurka ba sa ba da afostil. Takardar da ake nufi ita ce ta hukumar FBI, Identity History Summary. Za ki nema ta shafinsu, ki biya dala 18, a ɗauki yatsunki a katin FD-1164, ki aika ofishinsu da ke Clarksburg a jihar West Virginia. Kamfanonin da FBI ta amince su hanzarta wannan aiki 'yan ƙasa da masu izinin zama na dindindin kaɗai suke yi wa, don haka ke kai tsaye za ki bi. Sakamakon yana zuwa ta intanet, ki buga shi a takarda.

Takardar gwamnatin tarayya ce, saboda haka afostil ɗinta daga Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka yake fitowa, ofishin tabbatar da takardu, da fom DS-4194 da dala 20 kan kowace takarda. Kuskuren da aka fi yi shi ne aika ta ofishin sakataren jihar da mutum ya zauna. Jiha ba ta da hurumi kan takardar FBI. Ta gidan waya aikin yakan ɗauki makonni, ga kuma batun ambulan ɗin dawowa da biyan kuɗi daga Amurka, don haka ki nemi wani a can ya tsaya miki. Koriya tana cikin yarjejeniyar Heg, da afostil ya hau an gama. Ta Najeriya kuwa, idan sun nema, sai ta bi ta ofishin jakadancinsu da ke Abuja.

Tambaya: Shekaru da suka wuce an taɓa kai ni kotu kan rigimar fili, daga baya aka sallame ni. Ina tsoron ya fito a takarda. Wani ya ce zai samo mini mai tsabta cikin kwana ɗaya ba tare da ɗaukar yatsa ba.
Wani mai karatu, Dubai

Amsa: Muna roƙonka, Alhaji, ka rabu da mutumin nan. Takardar da aka yi ba tare da an tantance mai ita ba, cikin kwana ɗaya, jabu ce ko da ta yi kyau a ido. Ofisoshin jakadanci suna bincikar lambar takarda a wurin wanda ya ba da ita. A Birtaniya, wanda aka kama da takardar ƙarya ana iya hana shi biza har shekara 10. A Amurka haramcin na har abada ne. A ƙasashen Larabawa kuwa maganar takan wuce korar aiki ta kai ga gurfana a kotu. Kuma ba a karɓar uzurin cewa ɗan kamasho ne ya yi, wanda sunansa ke kan fom shi ke ɗaukar laifin.

Kai ma ba ka da abin ɓoyewa. Kai mutum kotu daban, samunsa da laifi daban, kuma kai sallamarka aka yi. Ka tura lauya ko ɗan'uwa kotun da aka yi shari'ar, da lambar ƙara ko shekarar da sunayen masu shari'ar, a nemo kwafin hukuncin sallamar wanda magatakarda ya tabbatar da hatimin kotu. Ka nemi takardar 'yan sanda ta hanyar POSSAP kamar kowa. Idan ta fito babu komai, kwafin hukuncin ya zauna a jakarka. Idan wani abu ya fito, shi ne zai yi maka bayani, sai a kai shi Harkokin Waje da ofishin jakadanci tare da ita.

Sannan ka karanta tambayar fom ɗin biza da kyau kafin ka amsa. Wani fom ɗin yana tambaya ne ko kotu ta taɓa samunka da laifi, a nan amsarka a'a ce. Wani kuma yana tambaya ko an taɓa kama ka ko an tuhume ka. A nan sai ka ce e, ka rubuta shekarar da sunan kotun da yadda shari'ar ta ƙare a layi biyu ko uku, ka haɗa da kwafin hukuncin da fassararsa.